Daga Juji Zuwa Gona: Tarihin Shara a Malam Madori da Ƙasar Haɗeja

Duk mai son fahimtar matsalar shara a Malam Madori, wajibi ne ya fara sanin yadda garin ya bunƙasa da irin ƙasar da ke kewaye da shi. Garin yana arewa maso yamma da birnin Haɗeja, kuma ya sami ɗaukaka ne bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru ta ratsa ta cikinsa wajen 1930. Tasharsa ta zama ƙofar da gyaɗar ƙasar Haɗeja take fita, 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago suka yi ta tararowa. Kudu da shi kuwa fadamun Kogin Haɗeja ne, inda ruwa yake malala da damina, kuma ba a yin haƙa mai zurfi kafin a tarar da shi. Waɗannan abubuwa biyu, watau yawan jama'a da kusancin ruwa, su ne ginshiƙin wannan tarihi.

A zamanin dā shara dukiya ce a ƙasar Hausa. Abin da gida yake fitarwa bai wuce toka, da kashin awaki da na jakai, da ƙaiƙayi, da ragowar kara ba, kuma dukkansu suna ruɓewa. Akan tara su a juji, idan rani ya yi nisa manomi ya zo da jaki da mangala ya kwashe zuwa gona, ya jibge su tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Masu binciken noma a karkarar Kano sun nuna cewa wannan takin yana daga cikin abin da ya sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Jakunan da suka shigo da itace birni su ne suke fita da taki. Saboda haka juji yana da mai shi, yana da mai bukatarsa, yana kuma da lokacin kwashewa.

Amma ba za a ce garuruwan dā ba su da aibu ba. Kududdufan da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini sukan cika da ruwa da ƙazanta, har matafiya irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851 suka ambaci ruwan da ke kwance a tsakiyar Kano da illarsa ga lafiya. Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, aka ɗora aikin tsabta a wuyan En'e. A nan ne aka san dubagari, wanda yake shiga gida-gida yana duba randa da masai da kwata, wanda ya ƙi gyarawa kuma a kai shi gaban alƙali. Tsarin yana da tsanani, talakawa sun ji tsoronsa fiye da yadda suka so shi, amma kowa ya san wanda alhakin yake kansa, daga mai unguwa har zuwa hakimi.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da wannan aiki hannun majalisun da ba su da ikon da En'e take da shi a kan jama'a, kuma kuɗinsu yawanci daga sama yake zuwa. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta ƙara da sashen tsabtar muhalli a 1985, daga nan aka saba da fitowa shara a ranar Asabar ta ƙarshen wata. An share tituna, an yashe lambatu, sai dai ba a warware tambayar inda za a kai abin da aka tara ba. Sau da yawa tsibin yakan zauna a bakin hanya har ruwan sama ya mayar da shi inda aka ciro shi. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988 bayan an gano guba da aka jibge a garin Koko, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kuma tsarin mulki na 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokoki sun yawaita, amma kayan aiki da filin zubarwa ba su biyo su ba.

A cikin wannan lokaci ne kuma sharar kanta ta sake kama. Leda ta maye gurbin ganye da ƙwarya da faifai, ruwan leda ya yaɗu tun daga shekarun 1990. Leda ba ta ruɓewa. Tana hana ƙasa shan ruwa, dabba ta haɗiye ta ta rame. Manomin da a dā yake neman juji ya fara ƙyamar wanda ya gauraye da leda da kwalba da batir, sai juji ya rasa mai kwashe shi.

Illar wannan ta fi tsanani a ƙasa irin ta Haɗeja. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kuma ambaliya ta yi ɓarna a yankin a shekaru irin su 2012, 2020 da 2022. Magudanar da leda ta cushe tana mayar da ruwa cikin gidaje. Sharar da aka zuba a kududdufi kuwa, ruwan da ya tsatso daga cikinta yakan bi ƙasa mai rairayi ya isa rijiyoyi, abin da yake share wa amai da gudawa hanya.

Darasin da wannan tarihi yake bayarwa a fili yake. Filin binne shara yana bukatar tudu nesa da kogi da rijiyoyi, a daɓe gindinsa da yumɓu, a riƙa rufe abin da aka zuba da ƙasa kowace rana, a kuma hana cinna masa wuta. Amma irin wannan fili yana da tsada, kuma yakan cika da wuri idan aka kai masa kome da kome. Hanya mafi sauƙi ga ƙaramar hukuma irin ta Malam Madori ita ce raba shara tun daga gida: mai ruɓewa ta koma gona kamar yadda aka gada, ƙarfe da roba su tafi wurin 'yan gwangwan, ragowar kaɗan ce kawai za a binne. Haka nan dole kowace unguwa ta san ranar kwasa da ma'aikacin da za a tuhuma idan ba a kwashe ba. Ɗaliban yau da ma'aikatan hukuma su ne za su tsara kasafin da zai sayi amalanke, ya biya leburori, ya keɓe fili kafin gine-gine su cinye shi.