Dalilan da ke sa na'urar DVD ta ƙi karanta faifan da aka naɗa a kwamfuta

A gidaje da dama a arewacin Najeriya akwai jakar faya-fayai da aka adana shekara da shekaru: bidiyon biki da walima, saukar karatu, tafsirin azumi da tsofaffin finafinan Hausa. Da yawansu ba bugun kamfani ba ne, a shagon kwamfuta aka naɗe su. Abin da aka saba gani shi ne faifai ya buɗe lafiya ƙalau a kwamfutar da ta naɗe shi, amma da an saka shi a na'urar DVD sai ta yi ta juyi, a ƙarshe ta rubuta "No Disc", ko kuma hoton ya riƙa sarƙewa. Wasu kan ɗauka faifan ya mutu su jefar da shi, alhali sau tari abin da ke cikinsa yana nan daram.

Bambancin bugun kamfani da naɗin gida

Faifan kamfani da tambari ake buga shi, a fitar da ƙananan ramuka a jikin roba, sannan a shafe su da siririn ƙarfe mai sheƙi. Faifan CD-R ko DVD-R kuwa wani rini ne a cikinsa, wanda hasken lesa ke ƙonawa ya bar tabo a madadin ramukan. Na'ura tana karatu ne da hasken da ya dawo wa idonta, saboda haka duk abin da ya rage wannan haske yana wahalar da ita.

Idon CD yana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 780, na DVD kuma 650. Rinin CD-R an yi shi ne domin hasken farko, shi ya sa da yawa daga na'urorin DVD na farko, waɗanda suka shiga kasuwa a Japan a 1996, suke karanta VCD na kamfani amma su makance a kan wanda aka naɗa a gida. Sai da aka fara ƙera na'urori masu lesa biyu wannan matsala ta ragu. Faifan da ake gogewa a sake naɗawa, wato CD-RW, ya fi wuyar sha'ani, domin hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ba, yayin da na kamfani ke mayar da kimanin kashi 70.

Takun saƙar DVD-R da DVD+R

Kamfanin Pioneer ne ya fitar da DVD-R a 1997. A 2002 wani ƙawancen kamfanoni da ya haɗa da Philips da Sony da HP ya fito da kishiyarsa, DVD+R. Dukansu suna ɗaukar gigabait 4.7, kuma a ido ba su da maraba, sai dai tsarin cikinsu ya sha bamban. Kowane faifai yana ɗauke da wata alama da ke shaida wa na'ura irinsa, kuma tsohuwar na'urar da ba ta san alamar DVD+R ba takan ƙi shi tun kafin ta gwada karantawa. Wasu na'urorin naɗi suna ba da damar sauya alamar ta koma ta DVD-ROM, irin ta bugun kamfani. Faifai mai hawa biyu, mai gigabait 8.5, ya fi yawan samun cikas a tsofaffin na'urori.

Zuba fayil daban, tsara bidiyo daban

A nan ne aka fi yin kuskure. Kwamfuta tana buɗe kusan kowane irin fayil, na'urar DVD kuwa tsari ƙayyadadde ta sani. Faifan DVD na bidiyo dole ya ƙunshi babban fayil mai suna VIDEO_TS, a cikinsa akwai fayilolin VOB masu ɗauke da hoto a tsarin MPEG-2, da na IFO masu nuna wa na'ura inda za ta fara da inda za ta bi. VCD, wanda Philips da Sony da Matsushita da JVC suka tsara a 1993, yana amfani da MPEG-1, kuma bidiyonsa na zama ne a cikin babban fayil na MPEGAV.

Idan aka kwaso bidiyon MP4 daga waya aka zuba a faifai kai tsaye, abin da aka samu ma'ajiyar fayil ce kawai. Ko na'urorin da ke ɗauke da tambarin DivX, galibinsu ba sa buɗe bidiyon H.264 da wayoyin zamani ke ɗauka.

Faifan da ba a rufe ba

Bayan kammala naɗi akwai matakin rufe faifai, inda ake rubuta jadawalin abin da ke ciki da alamar ƙarshe. Wasu manhajoji da kyamarorin da ke ɗauka kai tsaye a kan ƙaramin DVD sukan bar faifan a buɗe domin a ƙara wani abu nan gaba. Irin wannan faifai na'urar gida kan gan shi tamkar babu komai a ciki. Sau da yawa ana iya rufe shi daga baya, musamman a na'urar da ta naɗe shi.

Tsarin talabijin da lambar yanki

Najeriya tana bin tsarin PAL mai hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, Amurka kuma NTSC mai kusan 30. Faifan da aka tsara da NTSC yana iya fitowa babu launi ko yana birgima a tsohuwar talabijin. Lambar yanki kuwa, wadda ta sa Najeriya a yanki na 5, Amurka a na 1, Saudiyya a na 2, ta fi shafar finafinan kamfani. Faifan gida galibi ba a kulle shi da ita.

Gaggawa, ƙura da rana

Naɗi da matsanancin sauri a kan faifai mai araha yakan bar tabo marar kyau, wanda kwamfuta za ta lallaɓa ta karanta amma tsohuwar na'ura ta gaza. Ƙurar hunturu tana dusashe idon na'ura, kuma faifan gida ne yake fara ƙi kafin na kamfani. Rinin kansa yana lalacewa da zafi da danshi da hasken rana. A faifan CD, bayanan suna dab da fuskar da ake rubutu a kai, don haka ƙarzanewar sama ta fi ta ƙasa illa.

Matakan da suka dace

Kafin a yanke wa faifai hukunci, ya kamata a goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a gwada shi a wata na'urar, sannan a kwamfuta. Idan ya buɗe, abu na farko shi ne a kwafe abin da ke ciki zuwa aƙalla wurare biyu. Mai son sabon faifai ya nemi a tsara masa shi a matsayin DVD na bidiyo, a kan DVD-R, da tsarin PAL, da matsakaicin sauri, kuma a rufe shi. Jinkiri na da haɗari, domin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa ba sa zuwa da gurbin faifai, kuma bidiyon bikin da ba shi da kwafi, idan rininsa ya dusashe, ba a kasuwa ake samo wani ba.