Maƙerar da ta koyi hawan dutse

A nan Alakos, da zarar damina ta ƙarato, maƙera kan cika: wannan ya kawo hauya, wancan gatari. Duk da haka akwai wani ɗalibina, ɗan maƙeri, da ke sunkuyar da kai in aka tambayi sana'ar babansa. Dominsa na kawo wa ajin tarihin gidan Grivel.

A 1818 wannan gida ya buɗe maƙera a Courmayeur, wani gari na Italiya a gindin dutsen Mont Blanc, inda ƙanƙara ke rufe tsaunuka. Kayan noma suke ƙerawa, kamar namu. Da baƙi suka fara zuwa hawan duwatsun, sai maƙeran suka shiga yi musu gatarin sarar ƙanƙara.

A 1909 wani injiniya ɗan Ingila, Oscar Eckenstein, ya kawo wa Henry Grivel zanen wani ƙarfe mai haƙora 10, wanda ake ɗaurawa ƙarƙashin takalmi don kada santsi ya kwashe mutum. Henry ya ƙera. A 1929 ɗansa Laurent, wanda shi kansa ja-goran mahaya dutse ne, ya ƙara haƙora biyu a gaba. Da su mutum ke cakar ƙanƙara da kan ƙafa ya hau tsaye, ba sai ya sassaƙa matakala ba. Tun 1982 kamfanin ya bar hannun dangin, amma sunan yana nan.

Mu ma muna da namu. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an ƙera igwa a Zinder. Hannun da ya iya wannan ba na rainawa ba ne.

Abin da na lura shi ne, maƙerar Grivel ta ɗore don ta saurari masu amfani da kayanta, kuma ta iya karanta zane. Na farkon, ana koyonsa gindin zuga-zugi. Na biyun aikinmu ne, mu malamai: awo, lissafi, zane.

Iyaye, kada mu sa yaro ya zaɓa tsakanin aji da uwar maƙera. Washegari ɗalibin nan ya zo da awartakin babansa, muka auna shi, muka zana shi a allo. Ranar shi ya yi mana bayani.