Littafin da Muke Ajiyewa Kusa da Modem

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya da yaran da ke shigowa aikin nan na haɗa modem shi ne, da koriyar fitila ta kama a jikin modem, sai su naɗe kaya su ce an gama. Mu ba haka aka horar da mu ba.

GSM ya shigo Najeriya a 2001, amma namu aikin sai da GPRS ya zo, bankuna suka fara neman a haɗa musu ATM a inda waya ba ta kai ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin NITEL ne. Ba ya barin ka dogara da manhajar da ta zo cikin kwali. Sai ka jona modem ɗin Wavecom ko Siemens MC35 da kwamfuta, ka buɗe HyperTerminal, ka buga AT, ya amsa maka OK. Sannan AT+CSQ, don ganin ƙarfin sabis. In lambar ba ta kai 10 ba, ɗauki tsani ka hau da eriya saman kwano.

Abin da ya ɓace gaba ɗaya shi ne littafin. Kowane wuri da nasa. Da hantsi ka rubuta ƙarfin sabis, da azahar ka rubuta, bayan magariba ka sake. "Yaro, sabis ɗin safe ba shaida ba ne," in ji shi. Gaskiyarsa, domin GPRS ragowar murya yake ci. Da gari ya ɗauki kiran dare, data sai ta shaƙe.

Akwai wani ATM a bakin kasuwa da modem ɗinsa ke mutuwa yana farfaɗowa, kowa na tsine wa kamfanin layi. Maigida ya duba littafi, ya ga sabis lafiya lau, sai ya ɗora mita a kan adafta. Ashe ta bogi ce. Modem na fizgar wuta har amfiya 2 lokacin aika saƙo, ita kuwa ba ta iyawa. Wannan ma daga baya ne, wajen 2013, da CBN ya kawo tsarin rage amfani da tsabar kuɗi Kano, POS ya fara yawa. Ciwon ATM da na POS dai ɗaya ne.

Tun farko maigida ya nuna mana cewa in layi ya yi shiru, kamfani kan yanke shi ba sallama, modem kuma yana ta nuna a haɗe yake. Don haka muke sa na'ura ta riƙa aika ɗan saƙo a kai a kai, in babu amsa ta yanke wa modem wuta ta mayar. In ƙananan saƙonni na wucewa manya na maƙalewa, mu rage MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙo, daga 1500.

Yau ga 4G, ga 5G tun 2022, sauri ya ninka. Amma a cire wa talaka kuɗi a POS, saƙo ya tsaya a hanya, a ce masa "netwok ne". Sau da yawa ba netwok ba ne. Ba a zauna da na'urar har dare ba ne, domin masu kwangila sun daina biyan kuɗin wannan yinin. Su dawo da shi, mu kuma da muka rage mu koya wa yaran rubuta littafin.