Wasiyyar James Smithson da Gardamar da Ta Haifa

A cikin shekarar 1829 wani masani Baturen Ingila, mai suna James Smithson, ya rasu a birnin Genoa ta ƙasar Italiya. Shi wannan mutum bai taɓa sa ƙafarsa a Amurka ba, amma ya bar wasiyya cewa in ɗan ɗan'uwansa ya mutu ba magaji, to, a miƙa dukiyarsa ga Amurka, a kafa wata ma'aikata a Washington domin ƙara ilmi da watsa shi cikin mutane. Magajin kuwa ya rasu a 1835 bai bar ɗa ba. A 1838 aka kawo dukiyar, zinariya ce, ta fi dala 500,000.

Sa'an nan gardama ta tashi a Majalisar Amurka, aka shekara takwas ana yi. Waɗansu suka ce jami'a za a gina, waɗansu ɗakin littattafai, waɗansu kuwa gidan duban taurari. Sai ran 10 ga Agusta, 1846, Shugaba Polk ya sa hannu a dokar da ta kafa Smithsonian.

Dokar ba ta kashe gardamar ba. Sakatare na farko, Joseph Henry, ya fi ƙarfafa sashen farko na wasiyyar, watau ƙara ilmi. A ganinsa, kuɗin na bincike ne da buga sakamakonsa, ba na tara kaya a ɗakuna ba. Albarkacin wannan manufa aka buga nahawu da ƙamus na Yarabanci na T. J. Bowen a 1858. Mataimakinsa, Spencer Baird, mai son tara kaya ne don jama'a su gani da idonsu. Da ya gaji Henry a 1878, sai akalar ta juya, har aka buɗe babban gidan ajiye kayan tarihi a 1881. Gidan namun daji kuma aka kafa shi a 1889, a lokacin da ɓaunar Amurka ta kusa ƙarewa saboda farauta, ya shiga hannun Smithsonian a 1890.

Tara kaya ya jawo wata tambaya wadda Smithson bai hango ba, watau ta wace hanya kayan suka shigo? A 2022 Smithsonian ta mayar wa Nijeriya mallakar kayan tagulla 29 na Benin, irin waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897.

Abin lura ga malamai shi ne, da ra'ayin Henry kaɗai aka bi, da ilmin ya tsaya tsakanin masana. Da kuwa na Baird kaɗai, da an tara kayan da ba a san ma'anarsu ba. Duk mai tattara karin magana ko rubuce-rubucen ajami, wajibi ne ya haɗa biyun, ya kuma rubuta wurin wanda ya karɓo, da yadda ya karɓo.