Wa Ke Cikin Zauren? Amfanin Tarukan Ƙanjamau na Duniya da Iyakarsa

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin ma'aikatan lafiya da masana tattalin arziki, ya kuma ƙara samun gindin zama tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025: wai manyan tarukan duniya kan cutar ƙanjamau almubazzaranci ne. Dubban mutane su hau jirgi, su cika otal-otal mako guda, a karanta takardun da dama za a buga a mujallu, a watse, majinyacin da ke layin karɓar magani a asibitin garinsu bai ma san an yi ba. Kuɗin rajistar mutum ɗaya, in ji masu wannan ra'ayi, ya isa ya sayi maganin shekara na mutane da dama. A iya fahimtata wannan hukunci kuskure ne, sai dai akwai ɓangarensa da dole a sallama, kuma masu kare tarukan su ma sukan wuce gona da iri.

Tarihin sananne ne ga masu bibiyar fannin: an fara taron a Atlanta a 1985, ana yi duk shekara har 1994, daga nan aka koma bayan kowace shekara biyu a ƙarƙashin ƙungiyar ƙanjamau ta duniya, IAS.

Abin da masu sukar suka yi daidai a kansa shi ne cewa taro ba ya haifar da ilimi. Binciken HPTN 052, wanda ya nuna cewa fara shan magani da wuri na rage yaɗa ƙwayar cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100, an sanar da sakamakonsa a Mayun 2011, wata biyu kafin a gabatar da shi a taron kimiyya na IAS a Roma. Sakamakon allurar rigakafin HIV ta lenacapavir ma kamfanin Gilead ya fitar da shi a Yunin 2024, kafin taron Munich na watan Yuli. Mai neman zallar kimiyya yana da mujallu, yana kuma da taron CROI na shekara-shekara, wanda masu bincike suka fi yawa a cikinsa. Da a ce sanar da sakamako ne kaɗai aikin babban taron, da masu sukar sun yi nasara tun daga nan.

Sai dai tsakanin a san abu da a yarda cewa talaka ma ya cancanci samunsa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ne miliyoyin mutane suka mutu. A taron Vancouver na 1996 aka nuna wa duniya cewa haɗa magunguna uku na danne ƙwayar cutar har a kasa ganinta a gwajin jini. A 1997 mace-macen ƙanjamau a Amurka suka ragu da kashi 47 cikin 100. Kuɗin maganin kuwa dala 10,000 zuwa 15,000 ne ga mutum ɗaya a shekara. Abin da manyan hukumomi suka zauna a kai tsawon shekaru bayan haka shi ne: Afirka ta tsaya kan wayar da kai da kwaroron roba, magani sai nan gaba. Ba jahilai ba ne suka faɗi haka. Dalilansu a jere suke: babu ɗakunan gwaji, babu isassun likitoci, majinyata ba za su riƙe ƙa'idar shan magani ba, ƙwayar cutar za ta gagari maganin. Har a Yunin 2001 shugaban hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, Andrew Natsios, yana cewa 'yan Afirka da yawa ba su san agogo ba, don haka shan magani kan lokaci zai yi musu wuya.

A wannan yanayi aka kai taron Durban a Yulin 2000, karo na farko a Afirka. Ya kamata a tuna irin garin da aka je. A KwaMashu, gefen Durban, aka kashe Gugu Dlamini a Disambar 1998 bayan ta bayyana a fili cewa tana ɗauke da ƙwayar cutar. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, kafin a buɗe taron, dubban mutane suka cika titunan birnin ƙarƙashin ƙungiyar masu fafutukar neman magani ta TAC, da yawansu sanye da riguna masu rubutu a ƙirji cewa suna ɗauke da cutar, suna neman a karya farashin magani. A bikin buɗewa, bayan Shugaba Thabo Mbeki ya yi jawabin da ya fi karkata kan talauci ya kauce wa tabbatar da cewa HIV ce ke haddasa ƙanjamau, sai wani yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, siriri cikin baƙar kwat da takalmin wasa, ya riƙe makirfo ya roƙi gwamnati ta ba mata masu juna biyu maganin AZT don kada su shafa wa jariransu. Bai cika shekara ba ya rasu. Edwin Cameron, alƙalin babbar kotu wanda shi ma yake ɗauke da cutar, ya shaida wa zauren cewa yana raye ne kawai don albashinsa na iya sayen maganin kusan dala 400 a wata, yayin da miliyoyin 'yan nahiyarsa ke mutuwa saboda ba su da shi. Masana fiye da 5,000 kuma suka sa hannu a Sanarwar Durban da mujallar Nature ta buga, wadda ta jaddada cewa HIV ce sanadin cutar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira sabon ilimi. Farashin sananne ne, adadin mamata sananne ne. Abin da ya bambanta shi ne masanin da ya saba karanta alƙaluma a ofishinsa ya zauna kujera ɗaya da mutanen da alƙaluman ke nufi, wakilin kamfanin magani yana jere na gaba, minista yana kan dandamali, 'yan jaridun duniya suna kallo. Gani ya kori ji. Mujalla ba ta iya haɗa waɗannan mutane wuri ɗaya, kuma ba ta tilasta wa kowa ya ba da amsa.

A nan ne mai suka mafi ƙarfin hujja zai tare ni, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Zai ce: ka jero abubuwa masu sosa zuciya, amma dubi abin da ya karya farashin a zahiri. Birazil ta kafa dokar ba da magani kyauta tun 1996, tana kuma sarrafa nata. A Fabrairun 2001 Yusuf Hamied na kamfanin Cipla a Indiya ya yi wa ƙungiyar likitocin MSF tayin haɗin magunguna uku kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A Afrilun 2001 kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka shigar da gwamnatin Afirka ta Kudu a Pretoria. A Nuwamba aka fitar da Sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin fifita lafiyar jama'a kan haƙƙin mallakar fasaha. Masana'anta, kotu da teburin cinikayya ne suka yi aikin. Zai ƙara da abin da ya fi ciwo: mai masaukin taron bai motsa ba. Sai da kotun tsarin mulki ta tilasta wa gwamnatin Mbeki a Yulin 2002 kafin ta faɗaɗa ba mata masu ciki nevirapine, kuma rabon magani a asibitocin gwamnati bai kankama ba sai 2004. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000. In taron da aka yi a ƙofar gidansa bai sauya shi ba, wa zai sauya?

Zai kuma iya nuna cewa ko tsakanin masana tsohon ra'ayin bai mutu a Durban ba. A 2002 mujallar Lancet ta buga maƙalar Marseille da abokan aikinsa da ke cewa rigakafi ya fi magani arha wajen ceton rai a Afirka ninki 28, don haka shi ya kamata a fifita.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ya tilasta mini rage faɗin da'awata. Hujjar da ke hannu ba ta kai a ce Durban ce ta karya farashi ba. Abubuwa da yawa sun taru a lokaci ɗaya: Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zama kan ƙanjamau tun Janairun 2000, kuma manyan kamfanoni biyar sun sanar da shirin rangwame a watan Mayu. Ana iya cewa sun yi hakan ne don su riga taron, kuma lokacin ya dace da wannan fassara, amma dacewar lokaci ba hujja ba ce. Abin da za a iya tsayawa a kai ya fi haka ƙanƙanta, sai dai ba ƙarami ba ne: bayan Durban nauyin kawo hujja ya koma kan mai cewa a hana magani. Kafin nan mai neman magani ga Afirka ne ake tambaya ina kuɗi, ina likitoci. Bayan nan mai cewa a jira ne yake kare kansa. Maganar Natsios, wadda da an yi ta a 1997 mai yiwuwa ta wuce salin-alin, ta jawo masa kiraye-kirayen ya sauka. Maƙalar Lancet ta sha raddi nan take. Sannan mutanen da suka cika harabar kotun Pretoria, suka kuma kai ƙarar nevirapine, su ne dai na titunan Durban, kuma ƙawancen da suka ƙulla da MSF da masu fafutuka na Amurka da Turai ya ƙarfafa a makon taron. Mai sukar ya raba kotu da taro kamar abubuwa biyu ne masu zaman kansu, alhali jama'a ɗaya ce ke kai-komo tsakaninsu.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A Afrilun 2001, a Abuja, Kofi Annan ya yi kiran kafa asusun dala biliyan 7 zuwa 10 a shekara, shugabannin Afirka kuma suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, alƙawarin da kaɗan ne suka cika. Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya fara aiki a 2002, shirin Amurka na PEPFAR na dala biliyan 15 ya zo a 2003. Najeriya ta fara nata shirin a 2002 da maganin Indiya, majinyaci na biyan naira 1,000 a wata, kafin a mayar da shi kyauta a 2006, jim kaɗan bayan Abuja ta karɓi baƙuncin taron ƙanjamau na Afirka, ICASA, a Disambar 2005.

Akwai wata shaida da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta: yadda masu iko da kansu ke ɗaukar taron. A Barcelona a 2002 masu zanga-zanga suka hana a ji jawabin sakataren lafiya na Amurka, Tommy Thompson. Da taron Bangkok ya zo a 2004, ma'aikatarsa ta zaftare tawagarta zuwa kimanin mutum 50, aka ba da dalilin tsimin kuɗi. Gwamnati ba ta ƙaurace wa wurin da ba ya yi mata zafi.

In wannan shi ne amfanin taron, to sharaɗinsa a fili yake: sai mutanen da cutar ta shafa sun shiga zauren. Masu shirya shi sun fahimci haka da wuri. Taron 1992 an tsara shi a Boston, aka ɗauke shi zuwa Amsterdam saboda dokar Amurka da ta hana masu ɗauke da ƙwayar cutar shiga ƙasar, kuma bai koma Amurka ba sai 2012, bayan an janye dokar a 2010. Wannan mataki ne na mutunci. Amma shingen ya sake kama. A Montreal a 2022 wakilai da yawa, akasarinsu daga Afirka, ba su samu bizar Kanada ba ko kuma ta zo a makare, har aka riƙa ganin kujerun masu jawabi babu kowa, ministan Kanada da aka shirya zai yi jawabin buɗewa kuma ya janye. Kusan kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da HIV a duniya suna Afirka kudu da Sahara, amma sau biyu kacal babban taron ya zo nahiyar, duka a Durban, 2000 da 2016. Ma'aikaciyar jinya da ke ƙirga ƙwayoyi a ɗakin rabon magani a Kano ko Maraɗi, wadda ta san dalilin da ya sa matar aure ke ɓoye kwalbar maganinta cikin buhun hatsi, ko ta daina zuwa karɓa don kada a gan ta a layin, kusan ba ta da hanyar isa dandamalin: ga kuɗin jirgi, ga biza, ga Turanci. A irin wannan hali mai sukar ya kusa yin gaskiya. Sai dai abin da hujjarsa ke nema shi ne a sauya wurin taron, a sauya waɗanda ake biya wa kuɗin zuwa. Ba ta kai ga a rushe shi ba.

Munich ta nuna cewa tsohon aikin bai ƙare ba. Linda-Gail Bekker ta gabatar da sakamakon gwajin PURPOSE 1: cikin 'yan mata da matasan mata 2,134 a Afirka ta Kudu da Uganda da aka yi wa allurar lenacapavir sau biyu a shekara, ko ɗaya ba ta kamu ba. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi. A wannan makon dai Andrew Hill da abokan aikinsa suka gabatar da lissafin cewa za a iya sarrafa maganin kan kimanin dala 40 a shekara, alhali a lokacin a Amurka ana sayar da shi fiye da dala 42,000, masu fafutuka kuma suka yi wa rumfar Gilead tsinke. A Oktoba kamfanin ya ba masana'antu shida lasisin sarrafa shi domin ƙasashe 120, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a taron kimiyya na IAS a Kigali a Yulin 2025, sannan a Satumba aka sanar da yarjejeniyar dala 40 daga 2027. A nan ma ba zan ce taro ne ya yi ba. Kamfanin ya faɗi niyyar ba da lasisin tun kafin Munich. Abin da ya tabbata shi ne tsakanin Vancouver da tayin Cipla an ɗauki kusan shekara biyar, tsakanin Munich da wannan yarjejeniya wata 14, kuma wannan karon tambayar farashi ta tashi a mako ɗaya da sakamakon, a gini ɗaya. Lasisin bai haɗa da Birazil da Peru da Ajantina da Meziko ba, ƙasashen da 'ya'yansu suka shiga gwajin PURPOSE 2, kuma kuɗin da za a saya wa Afirka allurar ya dogara ne da tallafin ƙasashen waje da aka fara zaftarewa a 2025.