Balarm: neman sawun masallatai 300 a birnin Palermo

A shirayin babbar majami'ar Palermo akwai wani ginshiƙin dutse daga hannun hagu, wanda ayarin masu yawon buɗe ido kan wuce ba su ko kalle shi ba, hankalinsu na kan ɗaukar hoto. Wanda ya yi makarantar allo kuwa sai ya ja burki. An sassaƙa rubutun Larabci a jikinsa, aya ce daga Suratul A'arafi, ga ta nan a bakin ƙofar coci ɗaruruwan shekaru ba wanda ya kankare ta. An gina majami'ar a shekarar 1185 a filin da babban masallacin Juma'ar birnin yake, shi ma masallacin a kan wata tsohuwar majami'a aka tayar da shi.

Palermo shi ne babban birnin Sisili, tsibiri mafi girma a Bahar Rum, wanda yau yake cikin ƙasar Italiya. Larabawa suna kiran tsibirin Siƙilliya, birnin kuma Balarm. Wanda ya jagoranci rundunar da ta buɗe musu hanya malamin fiƙihu ne, alƙalin Ƙairawan, Asad ɗan Furat. Ya zauna gaban Imamu Malik a Madina, kuma littafinsa Asadiyya shi ne tushen da Sahnun ya gina Mudawwana a kai. Ke nan duk ɗalibin zaure a Kano ko Damagaram da ke karatun mazhabar Malikiyya yana cin gajiyar wannan dattijo, ko da bai taɓa jin sunansa ba. A shekarar 827, yana dab da shekara 70, Sarkin Aglabawa Ziyadatullahi ya ɗora shi a kan jiragen yaƙi daga tashar Susa ta Tunusiya, suka sauka a Mazara. Bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ya faɗa hannun Musulmi a 831.

Da matafiyin nan Ibn Hauƙal ya iso wajen shekarar 973, ya ce ya tarar da masallatai sun kai 300. Sai dai bai yaba ba. A ganinsa alfahari ne ya sa kowane mai hali yake son a ce yana da masallacinsa na kansa, har ya zargi mutanen garin da cewa yawan cin ɗanyar albasa ya dakushe musu basira. Wanda ya san unguwanninmu, inda masallatai biyu ke kallon juna a layi ɗaya, zai yi murmushi a kan zargin farko. Batun albasa kuwa a bar shi tsakaninsa da su.

A nan ne baƙo kan sha mamaki. Cikin waɗannan masallatai babu wanda ya rage a tsaye da siffarsa. Gine-ginen da jagoran yawo zai nuna maka yana cewa aikin Larabawa ne, sarakunan Kirista ne suka ba da kuɗin gina su. Normawa, mayaƙan da suka fito daga arewacin Faransa, sun karɓe Palermo a 1072, amma suka ga babu hikima a rusa abin da ke aiki. Suka riƙe magatakardan Larabci, suka buga kuɗi da rubutun Larabci, suka ɗauki magina Musulmi. Shiga Cappella Palatina, ɗakin ibadar fadar Sarki Roja na Biyu da aka keɓe a 1140, ka ɗaga kai. Bango zanen Girkawa ne da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, rufin kuwa katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zuma, irin na fadojin Misira, da hotunan makaɗa da rubutun Kufi. Wuya kan yi ciwo kafin ido ya ƙoshi. Jajayen ƙubbobin majami'ar San Giovanni degli Eremiti, da ke kan kowane katin tsaraba, su ma na zamanin Normawa ne.

A fadar Roja ɗin ne Idrisi ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154, da taswirar duniya wadda kudu ke sama, arewa a ƙasa. Ciki har da labarin Kanem da Kawar da Gao, wanda ya tattaro daga bakin fatake.

Wannan zaman tare bai ɗore ba. Ibn Jubair, da jirginsu ya fashe a Mesina a ƙarshen 1184 yana dawowa daga aikin Hajji, ya ga matan Kirista na Palermo suna lulluɓi da ƙunshi kamar Musulmi, ya kuma ji cewa Sarki Wiliyam na Biyu yana karatu da rubutu da Larabci. Amma ya haɗu da bayin fada masu ɓoye sallarsu. Daga shekarun 1220 Sarki Firedirik na Biyu ya fara kwashe Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a can cikin Italiya, a shekarar 1300 kuma aka tarwatsa wannan matsugunin ma.

Abin da ya tsira yana bakin mutane. Unguwar Kalsa ita ce Al-Khalisa, ganuwar da Fatimawa suka gina a 937. Babban titin Cassaro daga ƙasaru yake, wato fada. Fadar Zisa, da aka fara a 1165, Al-Aziza ce, kuma a cikinta ake ajiye da wani dutsen kabari mai rubutu iri huɗu: Latin, Girkanci, Larabci, da Larabcin Yahudawa cikin haruffan Ibrananci. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya babbar majami'ar da Cappella Palatina da San Giovanni degli Eremiti da fadar Zisa cikin kayan tarihin duniya.

Da hantsi sai ka gangara kasuwar Ballarò. Masu kifi da lemo suna rera tallarsu da ƙarfi, ana soya panelle, ɗan'uwan ƙosai da ake yi da garin wani irin wake, a cusa shi cikin burodi. Tsakanin rumfunan akwai shagunan 'yan Gana da 'yan Najeriya da 'yan Bangaladash, ana sayar da doya da manja, wasunsu ta Libiya suka tsallako teku.