Shekarar Sanƙarau: Abin da 1996 Ta Bar Mana

'Yan'uwa matasa, yawancinku ba a haife ku ba a 1996, amma mu da muka ga shekarar ba mu manta da ita ba. A ranin nan sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, kuma Kano na cikin wuraren da abin ya fi muni. Ga kwalara da ƙyanda a lokaci guda. Asibitin Zana da ke yankin Fagge ya cika har aka rasa gado.

Annobar ta tarar an riga an share mata fage. A ƙidayar 1963 mutanen birnin Kano ba su kai 300,000 ba. Kafin 1996 sun haura miliyan nesa ba kusa ba. Jama'a na ƙaruwa, aiki kuwa na raguwa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa suka yi ta rage ma'aikata.

Duk da haka, da an gama girbi sai samarin Gaya da Ajingi su hau mota zuwa birni cin rani: dako, ga-ruwa, acaɓa. Wanda abin hannunsa bai kai kuɗin haya ba, sai ya raɓa a shagon wani ɗan garinsu, a kwanta kafaɗa da kafaɗa, taga a rufe saboda hunturu. Ƙwayar sanƙarau kuwa ta tari da atishawa take bi, ƙura da busasshiyar iska suna buɗe mata hanya. Sai da damina ta sauka cutar ta lafa. Waɗansu da suka tashi, da kurumta suka tashi.

Yau da sauƙi. Allurar MenAfriVac ta iso Nijeriya a 2011, a 2024 kuma ƙasarmu ce ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar na ƙwayar. Amma cunkoso da rashin aiki suna nan.

Saboda haka idan ɗan'uwa zai tafi cin rani bana, mu yi masa addu'a, mu kuma tambaye shi inda zai kwana da ko ya yi rigakafi. In zazzaɓi ya zo da ciwon kai, wuya ya sanƙare, a kai shi asibiti ranar, kada a jira gobe. Ubangiji ya kiyaye mu.